Yadda ake tayar da ƙaramin kan jirgin tururi a ƙasar zafi da ƙura

Lokacin da layin dogo ya iso Ngaundere a 1974, injin dizal ne ya jawo taragon. Mun san jirgin ƙasa, mun san jiniyarsa da yamma in zai kama hanyar Yawunde, amma ba mu tashi da irin wanda ake hura wa wuta yana huci ba. A Chadi ko dogon ma babu. Sai tsofaffin da suka yi fatauci zuwa Kano ko Nguru a ƙuruciyarsu ne za su ba ka labarin kan jirgi mai cin kwal ɗin Inugu, mai cika wa fasinja ido da toka.

To idan Allah ya sa ƙaramin kan jirgin tururi ya faɗo hannunka, ko ɗan'uwa ne ya aiko daga Faransa, ko kai ka yi oda ka sha fama da 'yan duwan, ka sani daga nan har Njamena da wuya ka sami makanikin da ya taɓa buɗe irinsa, balle kantin kayan gyaransa. Abin da ka lalata yau, sai ka jira mai dawowa daga Turai. Takardar da ke cikin kwalin kuma an rubuta ta ne don mutumin ƙasar sanyi, mai ruwan sama kusan duk shekara, wanda bai san ƙurar hunturu ba. Yawancin abin da ta faɗa daidai ne, amma akwai wuraren da sai ka gyara mata zama.

Ba maganar 'yan ƙananan nan na lantarki nake yi ba, irin na Märklin da Hornby da Jouef, masu gudu a kan dogo mai faɗin milimita 16.5. Waɗannan siffar jirgin tururi kawai gare su, mota ce ta lantarki a ciki. Wanda nake nufi yana da tukunya ta gaske, ana zuba masa ruwa, a kunna masa wuta, ruwan ya tafasa, tururin ya tura fistin, fistin ya juya ƙafa. Kamfanoni irin su Roundhouse na Ingila, da Regner na Jamus, da Accucraft suna ƙera su, kuma galibinsu da gas suke aiki.

Kwana na farko, ba wuta

Ɗokin sabon abu zai ce ka kunna shi a daren da ya iso. Ka danne zuciyarka. Shimfiɗa farin ƙyalle a kan tebur, ka ɗora shi, ka buɗe takardar kusa da shi, ka bi sassan da yatsa har ka san kowanne ido rufe: murfin zuba ruwa a bayan tukunya, bawul ɗin tsaro, gejin matsi, totur, libar gaba da baya, tankin gas da makunninsa, da ɗan kofin man tururi wanda yawanci yake cikin ɗakin direba. In hannunka na laluben makunnin gas alhali wuta na ci, ka makara.

Sai ka auna tsakanin ƙafafunsa. Ko dai na dogo mai faɗin milimita 32 ne, ko na 45. Wasu ana iya matsar da ƙafafun su hau kowanne. In kana da zaɓi, ni 45 zan ce ka ɗauka, don dogonsa ya fi samuwa, kuma akwai wani abin da ya sa nake son sa. A ma'aunin 1:22.5, wanda kamfanin LGB na Jamus ya yaɗa tun 1968, milimita 45 na wakiltar dogo mai faɗin mita 1, wato daidai faɗin da Jamusawa suka shimfiɗa daga Bonaberi zuwa Nkongsamba a 1911, shi ne kuma faɗin layin da ya kai Yawunde daga Duwala a 1927, kuma shi ne Camrail, kamfanin jirgin ƙasa na Kamaru, ke gudu a kai yau. Dogon da za ka kafa a tsakar gidanka ƙanen na tashar Ngaundere ne.

In ka ga an rubuta 0-4-0 a takardar Ingilishi, a ta Faransanci kuma 020, inji ɗaya ake nufi: Ingilawa ƙafafu suke ƙirgawa, Faransawa kuwa sandunan da ke haɗa ƙafa biyu-biyu. Abin da ya fi wannan amfani shi ne notuna. Injinan Ingila da yawa suna da notuna na ma'aunin BA, ba na milimita ba. Sifanar da ka saya a kasuwa za ta yi kamar ta shiga, ta cinye kan notin tagulla a juyi ɗaya. Abin da bai kwance ba, kada ka taɓa shi.

Idan na hannu ne ba sabo ba, tukunyar ce abin tuhuma. Duba ko akwai farin busasshen abu ko kore-kore a wuraren haɗi, alamar yoyo ke nan. Ana gwada tukunya ne da ruwan sanyi, a cika ta fal a matsa da famfon hannu, ba da iskar mai faci ba, don ruwa in ya sami kafa ɗiga yake yi, iska kuwa fashewa. Kuma tukunyar da ta yi yoyo ba a kai ta wurin mai gyaran lagireto. Dalmarsa tana narkewa a ƙasa da digiri 200, alhali an haɗa tukunyar jan ƙarfe ne da likin azurfa mai narkewa sama da digiri 600. Ranar da ruwa ya ƙare wuta na ci, likin dalma zai saki.

Ruwa

A nan ne ƙasarmu ta fi cin injinan nan, kuma a hankali take cinsu, ba a gani. Leƙa cikin butar mai shayi da ta shekara a kan gawayi, za ka ga farin ɓawo ya kama gindinta. Abin da ruwan rijiya da na burtsatse da na famfo ke bari ke nan idan sun tafasa. Mai shayi zai kankare tasa da cokali. Kai tukunyarka a rufe take, bututunta wasu ba su fi tsinken ashana kauri ba. Ɓawon zai hana zafi shiga ruwa, ya toshe hanyar geji, ya liƙe bawul ɗin tsaro. Tafasa ruwan kafin a zuba ba ya raba shi da duk abin da ke ciki. Ruwan gora na sha ma bai tsira ba: juya gorar ka karanta, da kansu suka rubuta yawan sinadaran ƙasa da ke cikinsa.

Ruwan sama shi ne naka. Mutumin Ngaundere ya huta, damina daga Afrilu har Oktoba. Na Marwa da Kuseri da Njamena sai ya yi tanadi, don tasu gajera ce, galibi Yuni zuwa Satumba. Kada ka tari ruwan farko-farkon damina, wankin kwano ne da ƙurar rani. Bari a yi ruwa uku ko huɗu masu ƙarfi, ranar kuma da za ka tara ka bar na 'yan mintocin farko ya zube. Baho na roba mai tsabta a fili ya fi indararo. Ka bar shi ya kwana ya kwanta, ka tace da farin ƙyalle ninki biyu ko takardar tace kofi, ka ɗura a jarkar da ba ta taɓa ganin mai ba, ka ajiye a inda rana ba ta kaiwa don kada ya yi gansakuka. Tukunyar irin waɗannan injinan ba ta cika wuce kwatan lita ba, ka ga jarka mai lita 20 za ta ba ka tashi kusan 80. Ruwan da ke ɗiga daga na'urar sanyaya ɗaki shi ma yana yi, in an tace shi.

Za a ce maka ka sayi ruwan batir. Yi hattara. Abu biyu ake kira da wannan suna a kasuwa, ɗayansu asid ne, kuma a gora duk fari ne. Ko marar asid ɗin, sau da yawa ba turara shi aka yi ba, cire masa sinadarai aka yi da magani, wasu kamfanonin kuma sun ce kada a riƙa amfani da irinsa don yana taɓa tagulla a hankali. In kana shakkar kowane ruwa, ɗiga ɗigo biyu a kan gilashi mai tsabta, ka sa a rana. In ya bushe ya bar farin zobe, ba naka ba ne.

Mai iri biyu, kada a haɗa su

Na waje mai sauƙi ne. Baƙin man mota, 20W50, ɗigo ɗaya a kowace gaɓa mai motsi. Man keken ɗinki ya yi ruwa da yawa, zafi na korarsa. Man gyaɗa kuwa daskarewa yake ya zama danƙo.

Na ciki shi ne man tururi, mai kauri, za ka ga an rubuta 220 ko 460 a jikin kwalbar. Shi ake zubawa a ɗan kofin nan. Aikin kofin abin sha'awa ne, don babu famfo a cikinsa ko kaɗan. Bututun tururi ne ya ratsa ta samansa da 'yar ƙaramar huda. Tururi kaɗan na shiga, ya huce ya zama ruwa, ruwan ya nutse ƙasa tunda ya fi mai nauyi, man ya taso ya bi ta hudar ya tafi silinda tare da tururi. Shi ya sa bayan kowane tashi za ka tarar da ruwa a kofin maimakon mai, kuma hakan alama ce ta lafiya. In ka tarar da shi cike da mai yadda ka bar shi, hudar ta toshe, fistin a bushe ya yi gudu.

Man mota ba ya maye gurbinsa. Ba a yi shi don ya zauna da tururi ba, wanke shi ake yi daga bangon silinda, wanda ya rage kuma ya ƙone ya toshe bututu. Ranar da man tururinka ya ƙare, injin ya huta har wani ya zo.

Gas da zafin rana

Tankin an yi shi ne don butan, irin na gwangwanin ɗura leta. Takarda za ta iya cewa a yi amfani da gaurayen butan da furofan, amma wannan shawara ce ta masu dusar ƙanƙara, don butan ba ya tashi sosai in sanyi ya kai digiri 0. Mu akasin haka ke damunmu. A digiri 20 matsin butan a tanki bai fi bar 1 da ɗoriya ba (bar ma'aunin matsi ne). A digiri 40, wanda ba labari ba ne a Garwa ko Njamena a watan Afrilu, ya kusa bar 3. Furofan zalla a wannan zafin ya haura bar 12. Ƙara da cewa tankin na maƙwabtaka da tukunya mai zafi. Saboda haka butan zalla, ka karanta jikin gwangwanin kafin ka biya. Tukunyar gas ta girki ba a ɗura wa inji daga cikinta, ba ka san gaurayenta ba, kuma dattinta zai toshe jet, wato ɗan bakin nan mai siririyar huda da gas ke fita ta ciki zuwa wuta. Gwangwanin kuma ba a barinsa a mota ko ƙarƙashin kwanon shago da rana.

Lokacin tashi shi ne da hantsi ko bayan la'asar, a inuwa. Da asubar hunturu a Ngaundere kuwa, inda tsaunin ya haura mita 1,000, za ka iya ganin wutar ta yi rauni. Jira rana ta ɗan ɗaga. Ba a zuba wa tankin gas ruwan zafi.

In naka irin na kamfanin Mamod na Ingila ne ko wani mai cin alkol ko farar ƙwayar wuta, abin da aka rubuta masa kawai za ka ba shi. Fetur ɗin zuwa-zuwa na bakin titi ko kananzir kada su kusance shi. Wutar alkol kuma ba a ganinta da rana, mutum zai ƙara mai a kan wuta mai ci bai sani ba.

Tashin farko, a kan katako

Kada tashin farko ya zama a kan dogo. Samo guntayen katako biyu, ka tokare gaba da bayan injin yadda ƙafafunsa za su rataya suna juyawa a iska. Wurin ya zama waje, inuwa, babu iska mai kaɗawa, nesa da madafa, da gawayin shayi, da kaskon turaren wuta. Butan ya fi iska nauyi, kwanciya yake a ƙasa ya bi ta inda ba ka zata ba. Ajiye jiƙaƙƙen tsumma da bokitin ruwa a gefe. Yara za su cika wurin ko ba ka kira su ba. Ja layi a ƙasa da sanda, taku biyu daga tebur, ka damƙa wa babbansu tsaron layin.

Fara da gas. Tabbatar makunninsa a rufe yake, ka kifa gwangwanin kai ƙasa, ka danna bakinsa a kan bawul ɗin tanki. Za ka ji yana shiga da ɗan tsaki. Da ya fara feso ruwan gas ta gefe, ya cika. Ana farawa da shi ne don wanda ya zube ya watse kafin ashana ta fito.

Sai ka zaga gaɓoɓi da man mota, ka juya ƙafafun da hannu su sha. Buɗe kofin man tururi, ka zuƙe ruwan da ke ƙasansa da sirinji ko ka kwance notin ƙasa, ka cika da mai har ƙasan bututun da ya ratsa, kada ka nutsar da shi. Man na da nauyin jiki, ba shi lokaci ya sauka. Murfin da yatsa ake ɗaure shi, zoben roba ne ke riƙe tururi, ba ƙarfin hannu ba.

Yanzu ruwa. Cika tukunya da sirinji har baki, sannan ka zuƙe kamar mililita 30, ko abin da takardarka ta ce. Wannan gurbin da ka bari shi ne ɗakin tururi. In ka cika ta fal, ruwa ne zai tafi silinda, injin ya dinga shaƙewa yana tofi. Mayar da murfi. Rufe totur, liba a tsakiya. Kafin ka ɗauki ashana, tambayi kanka da baki: na zuba ruwa? Wuta a kan busasshiyar tukunya ita ce hanya mafi sauri ta rasa injin.

Kawo wutar bakin bututun hayaƙi, ko ƙofar gaba in injinka na da mai buɗewa, sannan ka buɗe gas kaɗan-kaɗan. Fuskarka a gefe. Za ka ji “fuf”, wutar ta koma ciki ta zauna a kan murhunta a cikin bututun da ya ratsa tukunya, sai wani gurnani siriri marar yankewa. Da kunne ake gane wannan, don da rana ido ba ya ganin wutar. In gurnanin na fitowa daga gaba, hancin injin na zafi da sauri, wutar ba ta koma ba, a akwatin gaba take ci, kuma fenti take toyawa. Rage gas sosai, sau da yawa za ta faɗa ciki da kanta. In ta ƙi, kashe, ka jira, ka sake. Tankin da aka cika yanzu yakan fara turo ruwan gas, wutar ta yi ta fizga tana mutuwa. Ba lalacewa ba ce, bayan ɗan lokaci za ta daidaita.

Daga nan sai haƙuri na minti 5 zuwa 10. Wani cikin yaran zai ce, “Kawu, ko ya mutu ne?” Bai mutu ba. Kada ka ƙara wuta don a ga aiki. Tukunyar za ta fara ƙara ƙasa-ƙasa, allurar geji ta ɗaga daga kwance. Yawancin injinan nan suna aiki ne a wajen psi 40, wato kusan bar 2.8, wasu har 60. A bar 2.8 ruwan da ke ciki ya kai kimanin digiri 140, ya wuce tafasar tukunyar tuwo nesa, saboda haka babu murfin da ake kwancewa matuƙar allura ba ta koma sifiri ba.

Idan allura ta kai rabi, kama ɗan tsinken da ke saman bawul ɗin tsaro da filaya, ka ɗaga shi kaɗan. Ya kamata ya yi “fis” ya koma. Sannan ka jira ya buɗe da kansa a matsin da takarda ta faɗa. In allura ta wuce wurin da kyau bai buɗe ba, kashe gas nan take. Bawul ɗin nan ba a ƙara masa ɗauri, ba a toshe shi don yana zubar da tururi. In yana yawan hurawa, wutarka ce ta yi yawa.

Yanzu tura liba gaba, ka buɗe totur kaɗan. Kada ka yi tsammanin gudu. Silindar a sanyaye take, tururin farko na shiga zai koma ruwa, ƙafafun su yi rabin juyi su cije. Rufe totur, mayar da liba baya, sake buɗewa. Gaba, baya, gaba, baya. Bututun hayaƙi zai yi ta tofar da ruwan zafi gauraye da mai, har kan farar rigar duk wanda ya leƙo, don haka a ce wa Alhaji ya ɗan ja baya tun kafin a kai nan. Kana iya taimaka wa ƙafa da yatsa a hankali, amma kada ka tilasta ta in ta cije, ruwa ba ya matsuwa. Can za ka ji tofin ya ragu, ƙafafun sun kama juyi, sautin ya koma “caf-caf-caf”, bugu huɗu a kowane juyin ƙafa in silinda biyu ne. Rage gas har allura ta tsaya wuri ɗaya ba tare da bawul na hurawa ba. Gwanin direba da ƙaramar wuta ake gane shi.

Sabon inji a ɗaure yake, yana buƙatar rodaj, wato gudu a hankali har gaɓoɓinsa su saki. Bar shi ya yi 'yan tashi a kan katakon, wani gaba wani baya, a gudu matsakaici. Cikin tanki ɗaya yakan ba da minti 20 zuwa 30. Da yawansu an auna su yadda gas zai riga ruwa ƙarewa, kuma wannan kariya ce da gangan. Mai ƙara gas a tsakiyar tashi ba tare da ya ƙara ruwa ba ya rushe ta da hannunsa.

Dogo

Injin tururi marar rimot ba ya son tudu da gangare. Ɗan hawan da idonka bai gani ba zai tsayar da shi, ɗan gangaren kuma ya sa shi ya kwasa a guje ya kife a kwana. Aro dabarar magina: siririn tiyo mai gani-har-hanji cike da ruwa, a daidaita kowane gefe da shi. In dole sai an yi hawa, kada ya wuce santimita 1 a kowace mita.

Ƙaramar kwanar da ake sayarwa ta dogon 45 tana da nisan santimita 60 daga tsakiyar da'ira. Mai ƙafa huɗu zai bi ta, amma da ƙyar. Wadda ta kai mita 1.2 ta fi, sai dai za ta ci maka fili mai faɗin fiye da mita biyu da rabi, a yi shawara da uwargida kafin a taɓa wurin shanya.

Katako a ƙasa abincin gara ne. Jera bulon siminti, ko ka sa mai walda ya yi maka firam na ƙarfe mai tsayin ƙugu, wanda zai raba ka da durƙuso, ya raba dogon da awaki da ruwan damina. Sannan zafi: tagulla na miƙewa. Mita 10 na dogo, in zafinsa ya ƙaru da digiri 30 tsakanin asuba da azahar, zai ƙara kusan milimita 6. In ka haɗa shi ƙam da sanyin safiya, ka kafe shi da ƙusa ko'ina, da rana zai lanƙwashe. Bar 'yar tazara kamar kaurin katin waya a kowane mahaɗi, kuma kada ka ɗaure shi sosai. Kafin kowane tashi bi layin da tsintsiya mai laushi, tsakuwa ɗaya ta isa. Fara da tarago biyu masu ɗan nauyi, don inji ba kaya ya fi wuyar sarrafawa.

Kashewa da ajiya

Rufe gas, ka bar allura ta sauka da kanta. Totur kada ka ɗaure shi da ƙarfi yana da zafi, in ya huce zai cije. Da allura ta kai sifiri, zubar da ruwan kofin mai, ka sassauta murfin tukunya. Dalili shi ne tukunyar da ke hucewa zuƙa take yi, in ba ta sami iska ta murfi ba za ta jawo mai daga kofi zuwa cikinta, ruwa mai maiƙo kuwa kumfa yake yi ya hana tururi kyau. Goge jikin da tsumma tun yana da ɗumi. In zai daɗe a ajiye, zuƙe ruwan tukunyar duka, ka bar murfin a sassauce.

Daga Disamba zuwa Fabrairu ƙura ce abokiyar gaba. Ita da mai in sun haɗu a gaɓa sun zama abin wasa wuƙa, su cinye tagulla a hankali har sandunan su fara kwaramniya. A wannan lokacin rage man waje, ka wanke gaɓoɓin da ɗan burushi da kananzir bayan injin ya huce sarai, ka sa sabon mai. Ranar da hazo ya rufe gari, bar shi a akwatinsa. Akwatin ya zama mai murfi, ba kanta a falo ba, komai son a gani.

In wata rana wuta ta ƙi kamawa ko ta yi rauni alhali tanki a cike, jet ne ya toshe. Hudarsa ta fi gashi kauri kaɗan, allura ko waya za su faɗaɗa ta har abada. Kwance shi, ka hura gas ta bakinsa na gaba dattin ya fita ta baya. Shi ya sa duk wanda zai taso maka daga Turai, abin da za ka roƙa ya riƙo ba tarago ba ne: kwalbar man tururi, jet ɗaya na ajiya, zoben roba na murfin tukunya da na kofin mai, da bakin ɗura gas na biyu. Duka za su shiga aljihun jakar da ake aunawa. Gwangwanin gas ne kawai ba ya hawa jirgin sama, wannan a nan za ka neme shi.